Suna Linzami: Tarihin XML da Makomar Takardun Zangon Kumasi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman takarda guda a cikin kundin malami ya san cewa mallakar ilimi daban, samunsa a lokacin da ake bukata daban. Kundi na iya ƙunsar waƙar wa'azi da wasiƙar fatake da laƙanin magani da salsalar malamai, duk a gafaka ɗaya. Idan babu wata alama da ke bambance wannan da wancan, sai neman ya koma allura cikin ruwa. Wannan tsohuwar matsala ce ta haifar da abin da ake kira XML a duniyar kwamfuta, wato hanyar lanƙaya wa kowane yanki na bayani suna domin na'ura ta gane ko mene ne shi. Wannan darasi zai bi tarihin wannan dabara ta hanyar takardun Musulmin Kumasi. Manufarsa ita ce nuna cewa XML ya bar wa kowace al'umma 'yancin raɗa wa kayanta suna, kuma wanda ya raɗa sunan shi ke yanke hukuncin abin da za a gani da abin da zai ɓace.

Takardun Kumasi na farko

Tun kafin a kafa Zango kamar yadda muka san shi a yau, akwai malamai masu alƙalami a birnin Tonawa, wato Asante. Bature Thomas Bowdich, wanda ya iso Kumasi a 1817, da Joseph Dupuis, wanda ya biyo bayansa a 1820, dukansu sun tarar da jama'ar Musulmi a kusa da fadar Asantehene Osei Bonsu, ƙarƙashin jagorancin Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba. Akasarinsu mutanen Gwanja ne da Dagwamba da Mamprusi, tare da baƙi daga ƙasashen da ke gaba. Suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna kuma rubuta layu ga mayaƙansa.

A 1826 rundunar Asante ta sha kashi a yaƙin Katamanso, kusa da Akra, a hannun gamayyar mutanen gaɓar teku da Ingilishi da mutanen Danmak. Masana sun fi rinjaya a kan cewa daga wannan fage ne wani tarin takardu ya faɗa hannun mutanen Danmak, har ya ƙare a Laburaren Sarki da ke Kopenhagen, inda aka ba shi lamba Cod. Arab. CCCII. Warƙoƙi ne fiye da 900 a ɗauri uku. Lambar da aka ba su ba ta faɗi komai ba face cewa rubutun Larabci ne mai lamba 302. Sun shafe fiye da ƙarni a haka kafin Nehemia Levtzion ya zauna a kansu a shekarun 1960, ya nuna cewa a tsakanin hatimai da addu'o'i akwai wasiƙun da suka gudana tsakanin Musulmin Kumasi da 'yan'uwansu na arewa, waɗanda suka haskaka siyasar Asante ta farkon ƙarni na 19. Daga baya David Owusu-Ansah ya yi nazarin ɓangaren layun a littafinsa na 1991. Takardun ba su ɓata ba, suna nan lafiya a kan kanta. Abin da suka rasa shi ne bayanin da zai kai mai nema gare su.

Alamomin da magabata suka ƙirƙira

Kada a ɗauka cewa malaman wannan yanki ba su san tsara bayani ba. Ɗalibin tsangaya ya san cewa a Alƙur'ani rubutun hannu ana zana baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya. Ya san alamar ƙarshen aya, da kumsa a kan kowace aya ta biyar, da kuri a kan ta goma, da zayyanar da ke gefe mai nuna sumuni ko rubu'i ko nusufi ko izu. A littattafan fiƙihu kuwa, matani yana tsakiyar shafi da manyan haruffa, sharhi yana ratsa layuka ko yana kewaye da gefe. Da yake warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, marubuci kan sa kalmar farko ta shafin gaba a ƙasan wanda ya ƙare, domin ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace mazauninta. A ƙarshe sai ya rufe da sunansa da sunan mai littafin, wani lokaci da shekara a cikin ramzi. Waɗannan duka bayani ne a kan bayani. Ba sa cikin maganar mawallafi, amma su ke nuna wa mai karatu matsayin kowace kalma.

Akwai kuma misali mafi kusa da batunmu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya biyo hanyar fataken goro ya zauna a Salaga, sannan ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa mai suna Al-Sarha al-wariƙa fi ilm al-wasiƙa. Irin wannan littafi yana koya wa magatakarda sassan wasiƙa da jerinsu: buɗewa, daga wane zuwa ga wane, gaisuwar da ta dace da matsayin wanda ake rubuta wa, saƙon kansa, sai rufewa. Abin da ake sakawa a ciki yana sauyawa, ƙirar kuwa tana nan. A riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi a cikin kwamfuta.

Yaƙin Salaga ɗin nan shi ya watsa fatake da malamai zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Bayan Turawan Ingila sun mamaye Kumasi a 1896, sun kuma murƙushe tawayen Yaa Asantewaa a 1900, sai hanyar kudu ta buɗe wa 'yan arewa. Zango ya bunƙasa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa Bahaushe da Bamoshe da Bazabarme da Bawangare da Bakotokole. Kowane malami ya zo da kundinsa, kuma a cikin kundayen akwai Larabci, akwai Hausa da ajami.

Legon da zamanin jerin sunaye

Babban yunƙuri na tattara wannan gado a ƙasar Gana ya zo ne bayan samun 'yancin kai. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon a 1961, Thomas Hodgkin ya zama daraktanta na farko, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a 1963. Ivor Wilks da Alhaji Osmanu Eshaka Boyo suka riƙa zagaya garuruwa suna aron takardu daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Kowace takarda aka ba ta lamba mai farawa da IASAR. Tun a 1962 Boyo da Hodgkin da Wilks suka fitar da jerin farko na abin da aka samu, tarin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har ya kai ɗaruruwa. A 2003 John Hunwick, wanda ya taɓa koyarwa a Legon, ya fitar da juzu'i na huɗu na babban kundinsa kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya ƙunshi marubutan Gana da ayyukansu.

Aiki ne na a yaba. Sai dai jerin da aka buga a takarda yana da iyaka: hanya ɗaya kawai ake iya jera shi. Idan an jera bisa sunan mawallafi, mai neman duk waƙoƙin Hausa da aka kwafa a Kumasi sai ya bi shafi-shafi. Haka kuma sunan tarin kansa yana cewa na Larabci ne, alhali akwai Hausa da wasu harsuna a ciki. Idon masani yana iya cike wannan giɓi. Na'ura ba ta iyawa, domin abin da aka faɗa mata kawai ta sani. A daidai shekarun da ake wannan aiki a Legon, wasu mutane a Amurka suna fama da irin wannan matsala a kan takardun lauyoyi.

Daga IBM zuwa 1998

A 1969, a kamfanin IBM, Charles Goldfarb, wanda asalinsa lauya ne, tare da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙirƙiro GML domin sarrafa takardun shari'a. Kafin su, alamomin da ake sakawa a rubutun kwamfuta umarni ne ga injin buga takarda: nan a ƙara girma, nan a karkata, nan a bar fili. Su kuwa suka ce a rubuta matsayin abu: wannan take ne, wannan sakin layi ne, wannan sunan mai ƙara ne. Yadda zai fito a ido kuma a bar shi ga wani tsari na dabam. Wannan rabuwa tsakanin ma'ana da kamanni ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Dabarar ta girma ta zama SGML, wadda hukumar ƙa'idoji ta duniya ta amince da ita a 1986 da lamba ISO 8879.

Masana adabi da harsuna ba su yi jinkiri ba. A watan Nuwamba 1987 suka taru a Kwalejin Vassar da ke jihar New York, suka kafa shirin TEI domin samar da alamomi na bai ɗaya ga waƙa da wasan kwaikwayo da ƙamus da tsofaffin rubuce-rubuce. Michael Sperberg-McQueen da Lou Burnard ne suka zama editocin ƙa'idojinsa. A ɗaya ɓangaren, Tim Berners-Lee, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, ya ɗauki salon SGML ya gina HTML a farkon shekarun 1990, wanda da shi ake gina shafukan intanet. HTML ya yi sauƙi, shi ya sa ya yaɗu, amma alamominsa ƙididdigaggu ne. Yana da alamar take da ta jeri da ta hoto, ba shi da alamar mawallafi ko baiti ko isnadi, kuma a wancan lokaci babu mai ikon ƙara masa tasa. SGML kuwa yana da wannan dama, amma ya yi nauyi ƙwarai.

A 1996 ƙungiyar W3C, mai kula da ƙa'idojin shafukan intanet, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Jon Bosak na kamfanin Sun Microsystems domin a tace SGML a rage masa kaya. Sakamakon shi ne XML, wanda aka tabbatar ranar 10 ga Fabrairu 1998. Editocinsa uku ne: Tim Bray da Jean Paoli da Sperberg-McQueen ɗin nan na TEI. Ashe ke nan mai kula da tsofaffin matani yana cikin waɗanda suka tsara shi tun daga tushe. Harafin X da ke farkon sunan yana nufin mai faɗaɗuwa: XML bai zo da sunayen alamomi ko ɗaya ba, nahawu kawai ya bayar, ƙamus kuma ya bar wa mai amfani.

Yadda yake aiki

Ga yadda za a iya bayyana littafin Alhaji Umaru da alamomin da muka raɗa da Hausa:

<littafi lamba="1">
  <suna>Al-Sarha al-wariƙa fi ilm al-wasiƙa</suna>
  <mawallafi>Alhaji Umaru</mawallafi>
  <harshe>Larabci</harshe>
  <shekara kalanda="miladiyya">1877</shekara>
</littafi>

Kowane yanki yana tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa, ta rufewar tana ɗauke da karkataccen layi. Abin da aka rubuta a cikin alamar buɗewa, kamar kalanda="miladiyya", siffa ce mai ƙarin bayani. Dokokin kaɗan ne amma babu sassauci: duk abin da aka buɗe sai an rufe shi, ƙarami ya zauna cif a cikin babba kamar ƙwarya a cikin masaki, kuma dukkan takardar ta kasance a cikin uwa guda. Idan aka karya ɗaya, manhajar da ke karantawa takan tsaya ta kai ƙara, ba ta yin hasashe.

Bayan nahawu sai ƙira. Al'umma na iya rubuta ƙa'idar da ke cewa kowane littafi dole ya zo da suna ɗaya, mawallafi ɗaya ko fiye, sannan harshe, a wannan jeri. Da farko ana yin haka da DTD, wanda aka gada daga SGML, sannan a 2001 W3C ta fitar da XML Schema. Wannan shi ne aikin da littafin wasiƙa na 1877 yake yi wa magatakarda, bambancin kawai shi ne yanzu na'ura ce ke duba ko an bi. Akwai kuma XSLT, na 1999, wanda ke juya bayani guda ya fito a siffofi da yawa: shafin intanet, ko littafin bugawa, ko jeri bisa gari, ko bisa shekara. Iyakar jerin takarda ta faɗi ke nan. An rubuta sau ɗaya, ana jerawa yadda aka ga dama.

Da yawa cikinmu muna amfani da XML ba tare da sani ba. Takardar Microsoft Word mai ƙarewa da docx, tun daga 2007, tarin fayilolin XML ne a dunƙule. Haka littattafan EPUB da hotunan SVG. Gaskiya ne cewa wajen musayar gajerun bayanai tsakanin manhajoji wani tsari mai suna JSON ya karɓe kasuwa saboda sauƙinsa, amma a fagen matani da kundayen tarihi XML na nan daram. TEI ya koma kansa a 2002, kuma fitowar 2007 ta zo da sashe na musamman domin bayyana rubutun hannu: takarda, tawada, hannun marubuci, masu mallaka, da hanyar da littafi ya bi. Da shi aka gina Fihrist, kundin haɗin gwiwa na rubuce-rubucen duniyar Musulunci da ke laburaren Birtaniya.

Ina Hausa a ciki?

XML ya tsaya a kan Unicode tun ranar farko, wato tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lamba tasa. Saboda haka ƙ da ɗ da ɓ suna iya shiga cikin matani, har ma cikin sunan alama. Ajami ya ɗan jira. Sai a 2016 Unicode ya ƙara fa'un da ƙafun da nunun salon rubutun Warshu na Afirka, sannan a 2020 aka ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke bukata.

Akwai kuma wata siffa mai suna xml:lang, wadda ake lanƙaya wa kowane yanki domin faɗin harshensa. Lambar Hausa ita ce ha. Tun daga 2006 ana iya ƙara nau'in rubutu: ha-Latn boko ke nan, ha-Arab ajami, sannan ha-Arab-GH ajamin Hausa na ƙasar Gana. Wannan ƙaramar alama ita ce maganin abin da ya daɗe yana damun ajami. Wanda bai iya Hausa ba, idan ya ga haruffan Larabci, sai ya rubuta Larabci ya wuce. Da xml:lang ana iya cewa matanin shafi Larabci ne, fassarar da ke tsakanin layuka kuma Hausa ce, kowanne da alamarsa, mai nema kuma ya ciro Hausar kaɗai daga cikin dubban shafuka.

Hatta wayar da ke aljihu ta san da Hausar Gana ta wannan hanya. Ƙungiyar Unicode tana riƙe da wata taska mai suna CLDR, a rubuce da XML, wadda kamfanoni ke ɗibar sunayen ranaku da watanni da tsarin kuɗi na kowane harshe daga cikinta. A ciki akwai fayil na Hausa gaba ɗaya, sannan da na Nijeriya da na Nijar da na Gana. Ƙananan suna gadon komai daga babba, sai abin da ya bambanta kawai suke faɗa.

Inda ƙwarya ta ƙi shiga masaki

XML na da rauninsa, kuma ɗalibin allo zai fi kowa saurin gane shi. Alƙur'ani yana da sura 114, yana kuma da izu 60. Izu na iya farawa a tsakiyar wata sura ya ƙare a tsakiyar wata. Ba za a ce sura tana cikin izu ba, ba kuma za a ce izu yana cikin sura ba, sun ratsa juna ne. Dokar XML kuwa ta ce ƙarami ya zauna cif a cikin babba. Haka abin yake tsakanin baitin waƙa da shafi, idan baiti ya fara a wata warƙa ya ƙare a ta gaba. Mafitar da TEI ta samo ita ce a zaɓi tsari guda ya zama uwa, ɗayan kuma a nuna shi da alama marar ciki, wadda ke cewa kawai nan sabon shafi ya fara, tamkar dutsen mil a gefen hanya. Amma wanne za a zaɓa? Mahaddaci da izu yake lissafi, mai tafsiri da sura. Zaɓin na ɗan Adam ne, kuma yana bayyana wanda aka yi aikin dominsa.

Haka batun sunaye. Mutum ɗaya ne ake kira Alhaji Umaru da Imam Imoru da al-Hajj Umar ibn Abi Bakr al-Salghawi. Idan ba a ɗaure waɗannan sunaye da lamba guda ba, na'ura za ta ɗauke su malamai uku. Haka shekarar da aka ɓoye a ramzi, sai wanda ya san hisabin haruffa bisa jerin Magrib ne zai warware ta ya saka shekarar hijira da ta miladiyya a siffa. Babu manhajar da za ta yi wannan a madadin malami.

Kammalawa

Yau ɗaukar hoton takarda ya zama abu mai sauƙi. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto kundayen da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, da aikin ajami da Fallou Ngom ya jagoranta a Jami'ar Boston, sun sa dubban shafuka na Afirka ta Yamma a intanet. Amma hoto ba tare da bayani ba ɗaurin Kopenhagen ne a sabuwar riga: yana nan a ajiye, ba mai isa gare shi. A gidajen malamai na Aboabo da Asawase da Sabon Zango akwai kundayen da gara da damina da rabon gado ke yi wa barazana, kuma dattawan da za su iya duban hannu su ce rubutun wane ne, almajirin wane, suna ta raguwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙa'idar da aka tsara domin littattafan Turai da na Gabas ta Tsakiya tana da gurbin mawallafi da shekara, amma rarrabe waƙar wa'azi da ta madahu, ko laƙani da fa'ida, ko ijaza da salsala, sai ɗan gida. XML ya bar ƙofar a buɗe, TEI ma ya yarda kowane aiki ya daidaita ƙa'idojinsa da bukatarsa. Abin da ya rage shi ne ɗaliban Hausa su haɗa karatu biyu: su iya ajami da ramzi a gaban malam, su kuma iya buɗe alama da rufe ta a gaban kwamfuta. Ɗalibi na iya farawa da takarda ɗaya daga kundin gidansu, da izinin masu ita: ya rubuta sunanta, da harshenta, da wanda ya kwafe ta, da garin da aka kwafe ta, da hannun da ta bi kafin ta iso gare shi. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma takardar da aka ba sunanta na gaskiya ita ce za a iya janyowa idan ranar bukatarta ta zo.